Yadda Ƙwararre Ya Yi Renon Tsirran Malama

Tsirrai sittin ne, ba hamsin da tara ba. Tazargade ashirin, zogale ashirin, shuwaka ashirin, kowanne a cikin baƙar ledarsa, an jera su layi uku a bayan gida ƙarƙashin rumfar da ke tace rana. Dole a fara da wannan adadi, domin daga baya mutumin da ya yi ɓarnar ya riƙa cewa 'yan tsirrai ne da ba su fi a ƙirga da yatsu ba. Ƙarya ce.

Mai tsirran Malama ce, wadda ta shekara talatin da biyar tana koyar da kimiyya kafin ta ajiye alli. Shekara biyu ta yi tana rubuta wa ƙaramin asibitin unguwa takarda tana roƙon a ba ta siririn filin da ke bayan ɗakin allura ta yi lambun magani. A takarda ta goma sha ɗaya kwamitin asibitin ya gaji, ya ce to, ta kawo tsirrai sittin masu rai ranar Asabar ta ƙarshen wata, a ba ta fili. In ba ta kawo ba, filin ya zama wurin ajiye babura, don masu babura ma sun daɗe suna nema.

Saura mako uku sai 'yarta ta haihu a wani gari, tafiya ta kama ta ita da mijinta. Mijin ne ya ce a bar wa ƙaninsa amanar tsirran, wai ɗan'uwa rabin jiki. Wannan ƙanin yana zaune a sashen gaba na gidan shi da matarsa. Ana kiransa Ƙwararre, kuma shi ya raɗa wa kansa sunan. Dalilinsa shi ne ya taɓa yin gadin wani ɗakin ajiyar taki na mako biyar, tun daga nan yake cewa da hanci kawai yana iya gane abin da ƙasa ke so.

Ranar tafiya Malama ta kira shi bayan gida, ta miƙa masa littafi.

"Shafi ɗaya ne. Karanta in ji."

"Haba Yaya, ni za a yi wa darasin taki? Ni da na kwana da taki na tashi da taki?"

"Na sani. A kan buhunsa aka same ka kana minshari, shi ya sa aka sallame ka. Karanta."

Ya karanta yana murmushin wanda ake nuna wa hanyar gidansu. Ruwa kullum da safe. Farin taki cikin marfin kwalba ɗaya, a narka shi a bokitin ruwa, sau ɗaya a mako, ga zogale da shuwaka kaɗai. Tazargade kuwa ruɓaɓɓen takin shanun da ke cikin ƙasarta ya ishe ta. A ƙasan shafin an rubuta da jan biro, an ja layi biyu: kada a ƙara komai.

"Ki tafi da zuciya ɗaya," in ji shi. "Za ki dawo ba ki gane su ba."

A wannan maganar kaɗai ya faɗi gaskiya.

Motarsu ba ta gama shan kwana ba ya isa bencin Mai Aski, wanda shagonsa ke jingine da katangar bayan gidan, kusa da na Tela. Ya zauna ya harɗe ƙafa.

"Matar Yaya mutuniyar kirki ce, amma rowa ta yi mata yawa. Marfin kwalba fa. Ko sauro ka ba marfin kwalba sai ya ce a ƙara. Ku ba ni mako uku. Zogalen nan sai an kafa tsani kafin a tsinki ganyensa. Kwamiti na gani za su ce wa ya yi wannan aiki, a naɗa shi shugaban lambu."

"Kai da ko albasa ba ka taɓa shukawa ba," in ji Mai Aski.

"Likita sai ya yi ciwon kafin ya warkar?"

Tela ya leƙo ta tagarsa da allura a baki. "Ni dai ɗinki na sani. In ka sa wa yaro rigar babansa, faɗuwa zai yi."

"Shi ya sa ka tsaya a tela," in ji Ƙwararre.

Da ya koma gida ya jawo rabin buhun farin takin da Malama ta ajiye, ya jefar da marfin kwalbar, ya riƙa dumbuzo taki cikin hannu yana zuba wa kowace leda, har da tazargaden da aka ce kada a taɓa. Yana zubawa yana yi musu magana. "Ku ci, 'yan marayu. Mai rowa ta tafi."

A kwana na uku bakin ganyen tazargade ya yi ja kamar an gifta shi a wuta. A kwana na biyar duk ashirin ɗin sun bushe sun zama tsinken tsintsiya. Matarsa ta zo shanya ta tsaya a kansu.

"Baban yara, waɗannan kamar sun mutu."

"Barci suke. Wanda ya ci ya ƙoshi ai sai ya kwanta."

"To ga zogalen ma ya fara gyangyaɗi."

Ya duba, haka ne. Amma nan da nan ya gano bakin zaren: abinci ya yi musu nauyi, ruwan korawa suke so. Ya jawo tiyo ya ɗora a kan layin, ya buɗe famfo har ƙarshe, ya shiga ɗaki ya ɗan kishingiɗa. Ruwa ya cika ledoji, ya cika bayan gida, ya sami rami a gindin katanga ya bi. Bayan awa biyu Mai Aski yana yi wa wani dattijo aski su duka biyun a tsugune a kan benci, takalmansu suna yawo a ƙasa tare da gashin mutum tara.

"Ƙwararre," ya kira ta kan katanga, "lambu aka ce ka yi ko kogi?"

"Ban ruwa ake ce masa. Ba fanninka ba ne."

A yi adalci: ambaliyar ta wanke rabin takin, ita ce ta ceci abin da ya rage. Ga yadda aka tashi a ƙarshen makon farko. Tazargade babu ko ɗaya, zogale goma sha huɗu, shuwaka goma sha ɗaya.

Mai hankali da ya tsaya nan ya ɗauki waya. Ƙwararre kuwa ya ce laifin takin kanti ne, ya cika zafi, tsiron magani takin gargajiya yake so. Ya shiga akurkin kajin matarsa, inda take watsa musu duk abin da ya rage a kicin, ya share ɗanyen kashi har kwando biyu. Ko ɗan aji huɗu ya san kashin kaji sai ya yi watanni ya ruɓe kafin a kai shi gindin shuka. Ƙwararre ya ce wannan ɓata lokaci ne, abu da zafinsa ake ci. Kwando ɗaya ya raba wa ledojin matacciyar tazargade, wai a tashe ta daga barci. Ɗayan ya ɗura a babbar jarka, ya cika ta da ruwa, ya murɗe marfin da dukkan ƙarfinsa, ya naɗe da roba don kada ƙarfin ya tsere. Sannan ya ɗora ta a kan katanga, inda rana ta fi duka, daidai saitin igiyar shanyar Tela.

Kwana biyu jarka ta yi ciki. Kwana uku ta yi kamar akuya mai 'yan uku.

"Ƙwararre, jarkar nan tana kumbura," in ji Tela.

"Ƙarfi ne yake taruwa."

"To ya taru a kan gadonka mana, ba a kan katangata ba."

"Tela, ka taɓa jin na zo na ce maka ga yadda ake yanka hannun riga?"

A kwana na huɗu da tsakar rana, Tela ya shanya fararen riguna shida da ya ɗinka wa ma'aikatan asibitin unguwa, sababbi fil, ya wanke su don ya goge ya kai wa Sista, shugabar ma'aikatan jinya. Ya juya ke nan zai koma kan kekensa sai jarka ta yi magana.

An ji ƙarar har bakin titi. Kaji suka haye rufi. Mai Aski ya zabura ya yi wa wani saurayi hanya tun daga goshi har ƙeya, saurayin ya fita a guje da zanen aski a wuya. Rigunan Sista guda shida suka koma launin zabuwa. Warin kuwa ba a kwatanta shi a rubuce. Kafin a yi minti biyar duk ƙudajen unguwa sun hallara, har da na maƙwabta.

Tela ya shigo gidan ba sallama, almakashi a hannu, ya tarar da Ƙwararre a tsaye, rabin fuskarsa a yaɓe, yana kallon katanga cike da sha'awa.

"Ka ji ƙarar?" in ji Ƙwararre. "Abin da ya fasa jarka, ka yi tunanin abin da zai yi wa zogale."

"Rigunan Sista fa?"

"Ai na asibiti ne. Sun saba ganin abin da ya fi haka."

Sai da matar Ƙwararre ta shiga tsakani ta karɓi rigunan ta yi musu wanki uku. Duk da haka in ka matsa kusa za ka ga ɗigo-ɗigo.

Daga ranar bayan gidan ya zama gidan kallo. Duk wanda ya zo aski sai ya taka benci ya leƙa katanga ya yi gaisuwar marasa lafiya. "Ya jikin zogale?" "Allah ya ƙara sauƙi." "An sanar da dangin tazargade?" Ƙwararre ya ce idon mutane ne ke hana tsirran girma. Ya kwashe zogale da shuwaka ya kai su ɗakin ajiya, wanda ba shi da taga ko ɗaya, ya rufe da kwaɗo. Kullum ya shiga ya ba su ɗan abin da ya rage a gindin jarka, ya fito yana kaɗa mukulli.

Abin da ya biyo baya kowane littafin kimiyya ya faɗe shi. Tsiron da aka ɗura wa taki aka hana shi rana miƙewa yake yi yana neman haske, ya yi tsawo, ya yi siriri, ya yi fari kamar mai jinya. Ƙwararre bai karanta littafin ba, tsawon kawai ya gani. Ya auna da igiyar wando, ya ga zogale ya kai gwiwa, ya fito yana dariya shi kaɗai.

Sai kuma ga abin da ya ƙarasa zautar da shi. Wata safiya ya je bayan gida ya tarar ledojin tazargade, waɗanda ya bari a rana yana ta ba su ruwa, sun yi kore shar. Kowace leda tsiro uku, huɗu, biyar. Bayan 'yan kwanaki suka fitar da ganye mai tsaga-tsaga. Ya fita titi ba takalmi.

"Ta tashi! Tazargade ta tashi, kuma ta haihu."

Ya kama hannun Mai Aski ya yi juyi biyu da shi. Ya leƙa tagar Tela ya ce ya yafe masa. Tela ya ce me aka yafe masa, ya ce jahilci.

Matarsa ta tsuguna ta murza ganye ɗaya ta kai hanci.

"Baban yara, ƙanshin nan na san shi."

"Ke komai sai kin kai shi kicin."

"Ni dai na ce na san shi."

"To ku gaisa."

Ya nemo ledoji ya rarraba sababbin tsirran ɗaya bayan ɗaya har talatin da biyar. Talatin da biyar da goma sha huɗu da goma sha ɗaya, sittin cif. Ya ƙirga sau uku, kowane karo yana ƙara son kansa.

Ranar Juma'a Malama ta bugo waya.

"Nawa suke?"

"Suna gaishe ki, Yaya. Ya mai jego?"

"Ba gaisuwa na tambaya ba. Nawa?"

"Sittin."

"Marfin kwalba ɗaya kake ba su?"

Ya jawo leda ya riƙa murza ta a bakin wayar. "Yaya, layin ya lalace. Yaya? Ba na jin ki."

"Ina jin ledar. Gobe daga tasha asibiti zan wuce. Ka kai su ƙarfe goma, kada ka yi jawabi."

Asabar da safe ya buɗe ɗakin ajiya ya fito da zogale. Yana ajiye leda ta farko tsiron ya lanƙwashe ya kwanta kamar jiƙaƙƙen zare. Na biyu ma haka. Ya tsayar da wannan wancan ya faɗi. Ya ce gajiya ce, ba su saba fita ba. Ya aro kurar mai ruwa, ya kafa sanda ɗaya a gaba ɗaya a baya, ya zagaya ta tagar Tela lokacin da Telan ya shiga wanka, ya zari ƙwaryar koren zare. Ya ja zaren daga sanda zuwa sanda, ya rataye wuyan kowane zogale a jiki, suka tsaya ƙyam. Ya jera shuwaka a tsakiya, 'ya'yan tazargade a gefe, ya lulluɓe duka da zanen gadon matarsa. Sannan ya sa babbar rigarsa, ya fesa turare, ya turo kura.

Ba wanda ya gayyaci kowa, amma Mai Aski ya rufe shago, Tela ya rufe shago, saurayin nan da aka yi wa hanya a kai ya sa hula ya biyo. Kafin kura ta kai asibiti rabin unguwa na bayanta.

A bayan ɗakin allura an jera benci. Shugaban kwamiti yana zaune da takardu. Kusa da shi Sista ce, cikin farar riga mai ɗigo-ɗigo, ba ta dariya. A gefe guda masu babura sun jeru a kan baburansu suna jira kamar ungulu. An kuma gayyato Iya, tsohuwa mai sayar da ganyen magani a bakin kasuwa, don ta duba tsirran ta shaida. Malama ta iso da jakar tafiya a hannu, mijinta a baya. Ta dubi kura, ta dubi zanen gado, ta dubi taron, ta zauna.

Ƙwararre ya yi gyaran murya.

"Ranka ya daɗe shugaba, Sista, Iya, jama'a. An ce kada in yi jawabi, don haka zan taƙaita. An bar mini tsirrai 'yan wahala, ana ba su abinci da marfin kwalba kamar fursunoni. Na duba da idon sani. Ba zan ɓoye ba, an yi mini hassada, an yi mini dariya, akwai tela a cikin lamarin. Amma ilimi ba ya ɓuya."

Ya fizge zanen.

Zogale goma sha huɗu suna tsaye, dogaye, farare, kowanne da 'yan ganye uku a ka kamar an yi musu askin dole. Malama ta cire tabarau ta goge ta mayar.

Iya ta taso da sandarta. Ta fara da na gefe. Ta tsinki ganye, ta murza, ta shinshina, ta dubi Ƙwararre.

"Ɗan nan, wannan fa?"

"Tazargade ce, Iya. Ta mutu na tashe ta."

"Ikon Allah. Da albasa ake soya ta?"

"Ban gane ba."

"Tumatir ne."

"Sabon iri ne, Iya. Ƙarfin taki ya sauya mata kama."

"Ɗan nan, shekara hamsin ina sayar da tazargade, shekara sittin ina yanka tumatir. Me ka zuba a ledar?"

"Kashin kaji, tsantsa."

"Kajin me suke ci?"

Daga bayan taro muryar matarsa ta fito a sanyaye. "Ragowar kicin, Iya. Har da ruɓaɓɓen tumatir."

"To ga 'ya'yansa nan sun biyo ta inda suka samu hanya."

Mai Aski ya zame daga benci don dariya. Ƙwararre ya ɗaga hannu ya ce a dakata, ai ba a zo kan shuwaka ba. Ya ce ɗacin shuwakarsa ya kai in mutum ya tauna ganye ɗaya sai ya tuna duk laifin da ya yi tun yana yaro, don haka Iya ta yi a hankali. Iya ta tsinki ganye biyu ta tauna. Ta ƙara uku. Ta daɗe tana taunawa tana kallon sama.

"Na sha ruwan randa da ya fi wannan ɗaci."

"Sai ya sauka ciki yake kamawa."

"Ba abin da zai kama. Ganyen magani ba ɗan gata ba ne. Rana yake so, da ɗan abinci kaɗan. Ka ɗura masa taki ka kulle shi a ɗaki, ya yi tsawo ya cika da ruwa. Wannan ko akuya ka ba sai ta nemi gishiri."

"To ku dubi zogale," in ji Ƙwararre, muryarsa ta ɗan haura. "A nuna mini zogalen mako bakwai da ya kai wannan tsawo, kuma yana tsaye da ƙafarsa kamar soja."

Tela ya daɗe yana kallon kurar da ido ɗaya a kanne. Ya matso a hankali, ya sunkuya.

"Wannan zarena ne."

"Tela, koma wurinka."

"Koren da nake nema tun safe. Zan yi wa wata mata kalmasa da shi."

"A yi maganar bayan taro."

"A'a, mai abu ya ga abinsa."

Ya zaro almakashi daga aljihu ya datse zaren a gindin sanda. Zogale goma sha huɗu suka rusuna gaba ɗaya, kansu a ƙasa, kamar 'yan aji sun ga mai duba makarantu ya shigo. Ɗaya ya wuce gaisuwa ya kwanta a kan takalmin shugaba.

Masu babura suka danna oda a tare. Mata suka riƙe ciki. Saurayin nan ya yi dariya har hularsa ta faɗi aka ga hanya, dariyar ta koma sabuwa. Sista ta yi ƙoƙari ta daure, ta dubi ɗigon da ke hannun rigarta, ta dubi Ƙwararre, ta juya ta shige ɗakin allura, aka riƙa jiyo ta daga ciki. Mijin Malama ya sami wani abu a ƙasa da yake buƙatar kallo sosai.

Malama ta miƙe. Ta buɗe jaka ta ɗauko jan biro da takarda. Taro ya lafa, don fiye da rabinsu sun zauna a ajinta, sun san wannan tsayuwar.

"Tazargade ashirin."

Ƙwararre ya hau gyara babbar rigarsa.

"Da kai nake. Tazargade ashirin."

"Ba su samu zuwa ba, Yaya."

"Zogale ashirin."

"Goma sha huɗu suna nan. Suna hutawa."

"Shuwaka ashirin."

"Goma sha ɗaya."

"Masu ɗaci nawa?"

Ya dubi Iya. Iya ta girgiza kai.

Malama ta rubuta, ta juya ga shugaban kwamiti ta ce ya ga abin da ya faru, ba da hannunta ba ne, tana roƙon a ƙara mata mako shida. Shugaban ya cire hula ya sosa kai. Mutum ne mai furfura, amma a gabanta sai ya koma ɗan aji shida.

"Malama, sharaɗi sharaɗi ne. Ke kika koya mana. Ranar da na zo jarrabawa a makare saboda tayar kekena ta fashe, ko minti ɗaya ba ki ƙara mini ba."

"Ban ƙara ba."

"To babura za su shiga. Ran da kika kawo sittin na gaskiya, sai a sake zama."

Bai rufe baki ba babur na farko ya shige filin. Shekara biyu da takarda goma sha ɗaya, ga su nan ana zuba musu baƙin mai.

Abin da Malama ta nema bai yi yawa ba, kuma duk mai adalci zai ce haƙƙinta ne. Ta rubuta, mijinta ya sa hannu a matsayin shaida. Ƙwararre zai sake shuka sittin daga iri, da hannunsa, a gaban idonta, ba zai taɓa buhun taki ba sai tana tsaye. In sun isa shi zai tura su asibiti da bakinsa a rufe. Kafin duk wannan, zai je bencin Mai Aski, inda ya kira ta mai rowa, ya tsaya a gaban jama'a ya ce bai san taki ba, ya ba ta haƙuri. Jimla biyu ce, ta rubuta masa su da manyan baƙaƙe.

Litinin da ƙarfe bakwai na safe benci ya cika, wasu a tsaye. Malama tana gefe da littafinta. Ƙwararre ya zo da babbar riga, ya ƙi tsayawa a ƙasa, ya haye benci.

"Jama'a, Yaya ta ce in gaya muku ban san taki ba. To na gaya muku. Ta ce in ba ta haƙuri. Yaya, ki yi haƙuri." Ya ninke takardar ya sa a aljihu. Da ya sauko nan da an wuce wurin. Amma ya dubi taron, ya ga idanu sun yi yawa a bar su haka. "Sai dai ina da tambaya ɗaya. Duk faɗin unguwar nan, da manomanta da masu digirinta, a nuna mini mutum ɗaya da ya taɓa shuka tazargade ya samu tumatir."

Mai Aski ya ajiye injin aski ya fita waje ya dafa bango. Tela ya ce a ba Ƙwararre sarautar lambu kawai a huta.

Malama ba ta yi dariya ba. Ta buɗe littafi ta yi rubutu da jan biro, ta juya shafin ta nuna masa: bai ci ba, ya maimaita.

"Gobe ƙarfe bakwai," in ji ta.

Yau kwana tara ke nan yana maimaitawa. Kullum sai ya kai ƙarshen jimla ta biyu lafiya, sannan ya ƙara ta uku. Babura suna nan a filin, sun kai goma sha bakwai. Malama kuwa shekara talatin da biyar ba ta taɓa ba ɗalibi maki don tausayi ba, ba kuma a kan ƙanin miji za ta fara ba.